Takalman da na ɗinka wa Fafaroma

Kwanakin baya ana labarin Fafaroma a rediyo, na ce wa jikokina su rage mini surutu in ji. Sai suka bushe da dariya. Ɗaya a cikinsu, wata mai bakin tsiya da ba ta ɗaga kai daga waya, ta ce, "Tsoho, kai da carbi a hannu, me ya haɗa ka da Fafaroma?" Na ce ke tafi can, ni nan da kike gani na taɓa ɗinka masa takalmi. Ba wanda ya yarda. Yaran yanzu ba sa yarda da abin da ba su gani a waya ba, addini ma a wurinsu ya koma abin jifan juna da baƙar magana, mutum yana kwance a gado yana zagin wanda bai taɓa gani ba. Mu a zamaninmu in za ka yi gardamar addini, da maƙwabcinka za ka yi, gobe kuma ka je aron tsani gidansa. To bari in faɗa tun da sauran numfashi, wanda ya so ya yarda.

Ni baduku ne, ɗan baduku. Ina saurayi na zo Inugu, na kafa rumfa a Kol Kam, gefen kasuwar Ogbete, inda ma'aikatan kwal ke zaune. Garin na lokacin da kunne ake sanin ƙarfe nawa. Ladaninmu ya fara, da zallar muryarsa, don ba mu da lasifika. Can jiniyar ma'aikata ta ɗauka, sai ka ji takun takalman roba suna gangarowa. Bayan nan ƙararrawar coci, sannan matan Ibo masu tallar okpa, wani abincinsu na garin gurjiya da ake naɗewa a ganye kamar alale. Ni kuwa na shimfiɗa fatuna, na wasa wuƙa, na zura zare a basilla. A cikin masu tallar nan akwai wata doguwa, ba ta da yawan magana, takalminta kullum a tsinke. Sau uku ina gyara shi, a na huɗu na gane da gangan take tsinka shi. Ita ce uwar Garba, Allah ya sani ban taɓa nadamar gyaran nan ba.

Marainiya ce ta wajen uba, kawunta ya riƙe ta. Shi ne katikis na cocin unguwar, wato mai koyar da addini, wanda in Fada, limamin cocin, ba ya nan shi ne Fada. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekaru a Kafancan, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Da na je neman aure bai kore ni ba. Ya zaro wata takarda ya ajiye, ya ce dokar cocinsu ce: duk wanda ba ɗan Katolika ba in zai auri 'yarsu, sai ya sa hannu cewa 'ya'yan da za a haifa duk na coci ne. Na ce, "Baba, in dangwala yatsa in ba da 'ya'yan da ko ganinsu ban yi ba?" Ya ce ba shi ya ce ba, Fafaroma ne ya ce, kuma in Fafaroma ya faɗa an gama. Ni kuwa lokacin jinina a tafashe yake, na tashi na kaɗe riga. Yayanta ya karɓi sadaki, Liman ya ɗaura mana aure a ƙofar masallaci. Ba ta musulunta ba, ban kuma matsa mata ba. Sai dai daga ranar coci ta ce ba ta san da auren ba, aka hana ta abin da suke kira jibi, 'yar farar gurasan nan siririya da Fada ke sa musu a baki ranar Lahadi. Ni a lokacin na ɗauka ƙaramin abu ne. Wauta ce irin ta ƙuruciya.

Sai yaƙi ya zo. Ba zan tsaya a kansa ba, don har yau in na tsaya ba na iya cin abinci. Na gudu Arewa a jirgin ƙarshe, ita ta shiga daji da yara biyu, Garba da ƙanwarsa. Shekara uku ban san ko suna raye ba. Da aka buɗe hanya ina cikin na farko da suka dawo, a bayan motar shanu. Na same su a wani ɗaki a unguwar Obiagu, sun rame kamar karan dawa, amma da ransu. Garba ya dube ni ya yi mini sallama irin tamu, cikakkiya. Ashe duk shekarun nan, tana ita kaɗai, ba na kusa, kawunta yana binta da magana safe da yamma, ba ta kai su an yi musu baftisma ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ban yi shawara da ubansu ba." Wallahi na zauna a bakin ƙofa na yi kuka kamar mace.

Bayan 'yan shekaru kuɗin mai ya shigo. Kai, duniya! Aka ƙara wa ma'aikata albashi, masinja ya sayi babur, kuku ya sayi rediyo mai batir shida, mutanen Anaca da Fatakwal suna zuwa sarin jakunkuna har ba na iya cika musu. Na koma yi wa babura rigar sirdi, na sayi sabon keke. A cocin su uwar Garba kuwa wuta ake. Turawan Fada an sallame su bayan yaƙi, 'yan ƙasa sun karɓa, kuma daga can Rum an yi ta sauye-sauye. Da Fada bayansa yake ba jama'a yana addu'a da Latin, yaren da ko katikis haddarsa kawai ya yi. Yanzu an ce ya fuskance su, ya yi da yaren Ibo, har ganga an shigar. Tsofaffi suka ce an lalata addini, Fafaroman nan an juya masa kai. Matasa masu boko suka ce ina, ai bai ma yi komai ba, tsoro ya hana shi buɗe ƙofar gaba ɗaya. A rumfata suke haɗuwa suna jiran gyara, su yi ta yi har da nuna yatsa. Ni dai ina ɗinki ina murmushi, don mu ma a masallacinmu ana nan ana ta ƙabalu da sadalu, wannan ya ce a naɗe hannu a ƙirji, wancan ya ce a sake, har an taɓa raba sahu. Na ce a raina ashe kowa da irin tasa.

Wata Lahadi na manta makullin akwatin kayan aikina a jakarta, na hau keke na bi ta coci. Ban taɓa matsawa kusa ba sai ranar. Na leƙa ta taga daidai lokacin da ake tashi karɓar jibin. Benci ya tashi, na bayansa ya tashi, tsofaffi da sanda, mata da goyo, har wani da kowa ya san ɓarawon taya ne ya miƙe ya bi layi. Benci na ƙarshe mutum ɗaya ya rage a kai. Tana zaune ta janye ƙafafunta don masu wucewa su wuce, kanta a sunkuye, ga ciki wata shida. Matar da ta riƙe mini amana a daji shekara uku, ita ce ba ta isa ba, ɓarawon taya ya isa. Na fasa karɓar makullin, na koma na ɓalle kwaɗon da guduma, har na fasa yatsa.

Da rana, tana tankaɗe, na ce mata na gani. Can ta ce, "Malam, a daji na ga mutane suna mutuwa ba Fada, ba jibi. Haihuwar da na yi ta ƙarshe ka san da ƙyar na tashi. Ba na so in shiga naƙuda a haka." Ta ce kawunta ya ce in ta bar gidana ta koma ƙauye wajen uwarta, ranar za a karɓe ta. Ya ce kafin watan haihuwa zai zo da mota. Na ce, "Ke kuma me kika ce?" Ta ce, "Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ina tsoron Allah, kai kuma ba na iya barinka. Ka gaya mini yadda zan yi." Ba ta ɗaga murya ba, hannunta bai daina kaɗa rariya ba. Na ga dai ko in dangwala yatsa in ba da 'ya'yana, ko in zuba ido mota ta zo ta ɗauke matata.

Ni Bahaushe ne, abin da na sani shi ne in dagaci ya danne ka ka tafi wajen hakimi, in hakimi ya ƙi ka wuce gaba. Tunda kowa ya ce maganar Fafaroma ce, to shi zan kai wa ƙara. Kuma ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Na zaro jar fatar akuya ta Sakkwato, wadda na ɓoye tun kafin yaƙi, na yanka takalma sau-ciki. Matsala ɗaya, ban san girman ƙafarsa ba. Na yi tunani na ce mutumin da ke riƙe da jama'a haka ai ba zai zama ƙarami ba, sai na auna da ƙafar wani mahauci, ƙato, mafi girman ƙafa a unguwarmu. Kwana tara ina aikinsu, na yi musu ado da koren zare, ban taɓa yin aiki mai kyansu ba, kafin nan ko bayan nan. Na je bakin gidan waya wani mai rubuta wasiƙa ya buga mini ƙarata da Turanci. Ya tambaye ni adireshi, na ce rubuta Fafaroma, Rum, ai ba biyu ba ne.

Akwai sabon Fada da aka kawo cocin, matashi, na taɓa yi wa babur ɗinsa rigar sirdi. Haihuwar Sabon Garin Kano ne, kuma an ce bai daɗe da dawowa daga karatu a Rum ba. Na ce wannan ya san ƙofar gidan. Na same shi da hantsi yana wanke babur, na gaishe shi, na miƙa masa ƙunshin da takardar. Ya kwance, ya ɗaga takalmi ɗaya, ya dube shi, ya dube ni.

"Malam, wa ya gaya maka jan takalmi ne na Fafaroma tun asali?"

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini, ita ce fatar da ta fi daraja."

"To amma wannan ai ƙafafunsa biyu za su shiga ɗaya. Ɗan tsamurmurin tsoho ne fa."

Ya yi dariya har ya dafa babur. Raina ya ɓaci, na ce ban zo wasa ba, ya karanta takardar. Ya karanta, dariyar ta ɗauke. Ya ce in biyo shi ofis. Ya buɗe kabad ya yi ta bincike, ya zaro wani ɗan littafi da ƙura ta rufe, ya busa. Ya ce, "Ƙararka an yanke hukuncinta tun kafin ka kawo. Shekarar da aka gama yaƙi Fafaroma ya sauya dokar nan. Ba a neman sa hannunka yanzu. Ita ce za ta yi alkawarin riƙe addininta da yin iya ƙoƙarinta a kan yara, kai kuwa a sanar da kai kawai. Bishop ya ba da izini, a gyara auren a wurinmu, shi ke nan." Na ce to me ya sa ba wanda ya faɗa? Ya ce takardar ta iso lokacin da ake binne mutane ana neman abinci, Fada ɗaya yana yawo coci goma, wa ya zauna karatu? Ya ce tsohon nan da ke Rum suka yake sha ta ko'ina, waɗansu su ce ya sassauta da yawa, waɗansu su ce ya ƙanƙame, shi kuwa yana ƙoƙarin kada gidan ya tsage a hannunsa. Na ce wallahi na tausaya masa, ko limamin unguwa yaya ya ƙare, balle na duniya. Takalman dai Fada ya ce zai ba wani mai tafiya can. Ko sun isa, ko suna ƙafar wani ƙato a hanya, Allah masani.

Ban yarda na taka ko'ina ba sai da na je wurin Liman. Dattijo ne mai sanyin magana, yana gyaran alƙalami na zayyana masa komai. Ya ce, "Aurenka ya ɗauru tun ranar da na ɗaura shi, ba abin da zai ƙaru ko ya ragu. Za su sa ka faɗi wani abu da ya saɓa wa kalmar shahada?" Na ce a'a, tambayata za a yi ko matata ce, ko na yarda da ita. Ya ce, "To in an tambaye ka ka ce e, ai gaskiya ka faɗa. Yarinyar nan ta yi maka abin da ba kowace za ta yi ba. Je ka share mata hawaye."

Saura katikis. Fada ya tara mu a ofis, ni da ita da shi, ya karanta dokar, ya fassara. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce bai yarda ba. Ya ce sun ɗauke Latin ya yi shiru, sun kawo ganga ya yi shiru, wannan kam ba da shi ba, gara ya ajiye aikin. Nan fa bakina ya kuɓuce. Na ce, "Baba, shekara goma sha biyu kana gaya mini in Fafaroma ya faɗa an gama. To ga shi ya faɗa. Ko sai maganar da ta yi maka daɗi ce tasa?" Uwar Garba ta taka mini ƙafa. Na zaci zai zage ni, ashe ba haka ba. Ya juya wajen Fada ya ce, "Mata huɗu na hana jibi da tsohuwar dokar nan. Biyu sun mutu a yaƙi ba su karɓa ba. In yau an ce ba komai, ni me zan ce musu?" A nan na gane ba mugunta ke damun mutumin nan ba, kuma na ji kunyar abin da na faɗa. Fada ya taso ya durƙusa a gabansa, ya kira shi uba, ya ce, "Wancan lokacin biyayya ka yi, Allah ya gani. Waɗancan suna hannunsa, ya fi mu jinƙai. Wannan kuwa tana hannunka, ga ta a zaune." Tsohon ya ɗauki hularsa ya fita.

Sati uku izinin Bishop ya zo. A ofis ɗin aka yi, da shaidu biyu, ba ganga ba taro. Ta yi alkawarinta a gabana, Fada ya ce na ji? Na ce na ji. A hanya na ce mata, "Ki yi iya ƙoƙarinki, ni ma zan yi nawa, amma ba ɓoye-ɓoye." Ta ce da ma ita ba ta iya ɓoyo ba. Katikis bai zo ba, an ce yana gida ya rufe ƙofa. Duk satin nan ba ta da sukuni, don ta ce in ya ajiye aiki saboda ita, rabin cocin za su bi shi, kuma da bakinsu za ta haihu.

Ranar Lahadi na sa babbar riga na kai ta a keke, na tsaya a waje bakin taga cikin rana. Aka zo wurin tashi. A cocin nan in Fada yana ba da jibi, akwai mai riƙe ɗan faranti a ƙarƙashin haɓar mai karɓa, kada ɓarɓashi ya faɗi ƙasa. Sai ga katikis ya fito daga ƙofar gefe cikin farar rigarsa, ya karɓi farantin daga hannun mai riƙe da shi. Na ce yau za a yi ta. Ta miƙe da ƙyar saboda ciki, matan da ke layi suka dare suka ba ta hanya, coci kaf an juyo ana kallo. Ta isa, ta durƙusa. Tsohon ya daɗe yana dubanta, sannan ya miƙa farantin ƙarƙashin haɓarta. Fada ya sa mata a baki. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, a cikin shirun nan, na ce, "Alhamdu lillahi!" Coci ta juyo gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta fara dariya, saura suka ɗauka, mai ganga ya ga dama ta samu ya saki hannu.

Da aka tashi katikis ya nufo ni, fuska a murtuke, na gyara tsayuwa. Ya ce, "Kai, gobe in za ka yi mana ihu, ka nemi inuwa ka tsaya, kada rana ta kashe mini suruki." Ya wuce abinsa yana dogara sanda.

Na ɗora ta a bayan keke muka kama hanyar Obiagu, ina tuƙi a hankali saboda ramuka. Mun wuce gadar jirgi sai na ji waƙa a bayana, da yaren Ibo, murya siririya mai daɗi, tana hawa tana sauka. Na waiga in ga wa ke bin mu, ba kowa. Na taka birki na sauke ƙafa. Na ce, "Ke ce?" Ta ce ai kafin ta aure ni ita ke ba da waƙa a cocin, ranar da aka hana ta jibi ta daina. Shekara goma sha biyu da aurenmu, ta haifa mini 'ya'ya, ta bi daji da su, ban taɓa sanin matata tana da murya ba. Na ce ta ci gaba, na sauka na tura keken da ƙafa har gida don kada hanyar ta yi saurin ƙarewa.